Yadda ɗan kasuwa zai samu data a ƙasar waje ba tare da ya rasa layinsa na gida ba

A ɗauki misalin mai shagon kayan waya a Tudun Wadan Zariya. Ya shafe shekaru yana saro caja da iyafis da fawa bank a Farm Centre ta Kano, yanzu jari ya ɗan yi ƙarfi, ya yanke shawarar zuwa Guangzhou da ƙafarsa, wato garin da 'yan kasuwa ke kira Gwanzu. Ya gama da biza da tikiti, ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, ya yada zango a Addis Ababa, ya sauka a filin jirgin Baiyun. Ya isa otal a unguwar Xiaobei, ya haɗa wayarsa da Wi-Fi, alamar ta cika, amma saƙon da ya tura wa iyalinsa a WhatsApp ya tsaya da alamar agogo. Gmail ma ya ƙi buɗewa.

Washegari ya daidaita farashi da mai kaya, ana jiran kafin alƙalami. Ya buɗe manhajar bankinsa zai tura naira ga wakilin da zai biya masa da kuɗin Chaina, sai banki ya ce ya shigar da lambar OTP da aka tura wa layinsa. Layin kuma yana Zariya, a hannun yaron shago, domin wani ya ce masa layin Najeriya ba shi da amfani a can. Chaina tana gaban Najeriya da awa bakwai, don haka ƙarfe goma na safe a Gwanzu ƙarfe uku na dare ne a Tudun Wada. Yaron shago yana barci, mai kaya kuma yana da wasu masu saye.

Duk abin da ya tsayar da wannan cinikin ana iya gyara shi cikin yini ɗaya kafin a bar gida. Bayan an sauka, rabinsa ba ya gyaruwa.

Layi aiki biyu yake yi

A gida mutum ba ya lura, domin layi ɗaya ne ke yin komai. Amma aiki biyu ne daban. Na farko shi ne lamba: da ita banki ya san shi, a kanta aka buɗe WhatsApp ɗin da kwastomomi ke nema, ita aka haɗa da NIN da BVN. Na biyu shi ne data, wato hanyar da waya ke bi ta hau intanet. Lamba ba ta da madadi. Data kuwa ko daga ina ta zo, data ce, WhatsApp bai damu da wane kamfani ya kawo ta ba.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa da matafiyi shi ne ya raba ayyukan nan. Layin Najeriya ya zauna a cikin waya a kunne domin karɓar saƙon banki kawai, a hana shi taɓa data. Data kuma a samo ta ta wata hanya mai sauƙi. Sauran bayanin wannan darasi duk hanyoyin aiwatar da wannan ne.

Wani abu da ke rikita mutane da yawa: saka sabon layi a waya ba ya canja lambar WhatsApp. Manhajar tana tantance lamba ne lokacin da aka fara ɗora ta, daga nan ta ci gaba da aiki a kan kowace irin data. Kuskuren da ake yi shi ne shiga wurin Change number a saka lambar ƙasar da aka je. Ba a buƙatar haka. Haka nan kada a goge WhatsApp a sake ɗora shi a can, domin zai nemi lambar tantancewa ta saƙon tes, kuma idan saƙon bai iso ba an shiga uku.

Abin da ke faruwa a lokacin romin

Kowane sim yana ɗauke da wata lamba da ake kira IMSI, wadda ba ita ce lambar da ake kira ba. Lambobi uku na farko suna nuna ƙasa, Najeriya 621 ce, Chaina 460. Na gaba suna nuna kamfani: MTN 30, Airtel 20, Glo 50. Idan waya ta kunnu a Gwanzu, eriyar da ke kusa za ta karanta wannan lamba ta gane baƙo ne. Sai kamfanin can ya tambayi kamfanin gida ko wannan layin yana da izinin romin. Idan akwai yarjejeniya tsakanin kamfanonin biyu, kuma ba a rufe layin ba, sai a ba shi sabis. Wannan ne dalilin da ya sa bayan sauka waya takan ɗauki 'yan mintoci kafin sandunan sabis su fito.

Inda abin ya fi muhimmanci shi ne hanyar da data ke bi. A mafi yawan tsarin romin, kamfanin ƙasar da aka je ba ya sakin mutum cikin intanet ɗin ƙasarsa kai tsaye. Eriya kawai yake ba da haya. Yana tattara datar ya tura ta ta wata keɓaɓɓiyar hanya zuwa kamfanin da ya fitar da sim ɗin, daga can ne take fita intanet. Wato mai layin MTN da ke zaune a Xiaobei, idan ya buɗe shafi da datar romin, buƙatarsa sai ta je Najeriya kafin ta fita, amsar ma ta nan za ta dawo. Intanet na ganinsa kamar yana Najeriya.

Wannan yana da sakamako biyu. Na farko, saurin yana raguwa, domin kowane dannawa yana tafiya dubban kilomita ya dawo. A saƙon rubutu ba a ji, a kiran bidiyo ana ji. Na biyu kuma shi ne abin da ɗan kasuwar Gwanzu ya fi buƙata: tunda datar ba ta fita ta ƙofar intanet ɗin Chaina, matatar da ke toshe shafuka ba ta aiki a kanta.

Chaina ta toshe Facebook tun 2009, Gmail a 2014, WhatsApp a 2017. Google da YouTube da Instagram da Play Store duk suna cikin jerin. Toshewar tana kan duk wata hanya ta cikin gida: Wi-Fi na otal, Wi-Fi na filin jirgi, da layin da aka saya a can. Don haka mutum zai iya biyan kuɗin data mai buɗe WhatsApp, ya yi ta aiki lafiya a kasuwa, da ya shiga ɗaki wayarsa ta kama Wi-Fi da kanta, komai ya tsaya, ya ɗauka datarsa ce ta ƙare. Maganin shi ne kashe Wi-Fi.

Abin dariya a nan shi ne Tecno da Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne, wanda hedikwatarsa ke Shenzhen, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Gwanzu a jirgin ƙasa. Amma waɗanda ake sayarwa a Najeriya sun dogara ne da manhajojin Google, don haka waya takan koma ƙasar kamfanin da ya ƙera ta ta kasa sauke manhaja daga Play Store.

Hanyoyi uku, da wanda kowacce ta dace da shi

Ta farko ita ce romin da layin gida. Amfaninta ba a canja komai, kuma tana tsallake toshewa. Haɗarinta kuɗi. Bandil ɗin data na wata da aka saya a Zariya ba ya aiki a waje. Idan aka kunna Data Roaming ba tare da an sayi bandil ɗin romin na musamman ba, za a riƙa cirewa daga kati a kan kowane megabayit. Duk wanda aka faɗa wa farashin megabayit ɗaya ya ji kamar ba yawa, ya ninka shi sau 1024, shi ne kuɗin gigabayit ɗaya. Kamfanonin suna da bandil ɗin romin, amma kowanne yana da jerin ƙasashen da ya shafa, wani lokaci har da takamaiman kamfanin da dole waya ta kama a ƙasar. Idan ta kama wani daban, lissafi ya koma na megabayit. Wannan hanya ta dace da tafiyar kwana biyu ko uku, ko a riƙe ta a matsayin ta ko-ta-kwana.

Ta biyu ita ce sayen layin ƙasar da aka je. Ita ce mafi arha kuma mafi sauri, ga lambar da masu kaya da direbobi za su iya kira. A Chaina ana yin rajista da fasfo a ofishin China Mobile ko China Unicom ko China Telecom. Ga wayar da aka sayo daga waje China Unicom ya fi sauƙin dacewa, domin 4G ɗinsa yana amfani da zangon band 1 da band 3 waɗanda kusan kowace waya ke da su, alhali China Mobile ya dogara sosai da wasu zangunan da ba kowace ƙaramar waya ke ɗauka ba. Matsalarta a Chaina ita ce wadda aka ambata: za ta buɗe WeChat da Alipay, ba za ta buɗe WhatsApp ba. Wasu na dogara da VPN. Sai dai dokar Chaina ba ta amince da VPN ɗin da ba shi da lasisi ba, na kyauta kuma yau ya yi gobe ya ƙi. Ba abin da za a ɗora cinikin miliyoyi a kansa ba ne.

Ta uku ita ce eSIM na matafiya. eSIM sim ne da ke manne a cikin waya tun daga masana'anta, ana sauke masa layi ta intanet, yawanci ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR. Kamfanoni irin su Airalo da Holafly da Nomad suna sayar da data ta ƙasa ɗaya ko ta yanki. A gaskiya shi ma romin ne, kawai dai kamfanin da ya fitar da shi ba na Najeriya ba ne. Na Chaina sau da yawa ta Hong Kong ko Singafo datarsa ke fita, don haka yana buɗe WhatsApp kuma bai kai romin ɗin gida jinkiri ba. Mafi yawansu data ce zalla, babu lambar kira, babu tes. Ga mai tafiyar sati ɗaya zuwa uku, wannan ce ta fi dacewa, in dai wayarsa tana ɗauka.

Waɗanda aka rubuta musu data mara iyaka suna buƙatar karatu a tsanake. Yawanci akwai adadin da in an kai shi a rana ake rage sauri, wasu kuma suna taƙaita hotsifot. Ga wanda zai haɗa kwamfuta ko ya raba wa abokin tafiya, bandil mai adadin gigabayit a fili ya fi gaskiya.

Sai batun biya. Farashin da dala ne. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, wasu sun dawo da shi a 2025 tare da iyaka. Don haka a gwada sayen tun a gida, inda in katin ya ƙi akwai lokacin neman katin dala ko wani ya saya wa mutum ya turo masa QR.

Mai yawan zuwa Chaina, kamar masu halartar Canton Fair da ake yi a Pazhou duk Afrilu da Oktoba, yakan ƙare da uku gaba ɗaya: layin gida don banki, eSIM don WhatsApp, layin Chaina don masu kaya da ma'aikatan kago. Waya ɗaya layi biyu take iya kunnawa a lokaci guda, don haka wannan tsarin yana buƙatar waya biyu.

Shin wayar tana ɗaukar eSIM?

A danna *#06#. Idan bayan lambobin IMEI an ga wata doguwar lamba mai suna EID, mai lambobi 32, to akwai eSIM. iPhone ya fara da XS da XR a 2018, Samsung kuma daga Galaxy S20 a manyan wayoyinsa, duk da cewa ya danganta da ƙasar da aka yi wa wayar. Mafi yawan Tecno da Infinix da itel da ke hannun mutane ba su da shi.

Masu iPhone na hannu, irin wanda ake saye a PZ ko Farm Centre, suna da abu biyu da za su duba. Wanda aka yi don kasuwar Chaina, mai cin sim biyu na zahiri, ba shi da eSIM. Na biyu kuma shi ne kulle. A shiga Settings, General, About, a gangara zuwa Carrier Lock. Idan ba a ga No SIM restrictions ba, wayar a kulle take ga wani kamfani na waje. Irin waɗanda ake liƙa wa ɗan cif a bayan sim don su yi aiki a Najeriya suna cikin wannan rukuni, kuma ba za su karɓi eSIM na wani kamfani ba.

Ƙaramin mifi da aka saya da tambarin kamfanin layi shi ma yawanci a kulle yake, ba zai karɓi sim ɗin waje ba.

Wanda wayarsa ba ta da eSIM bai rasa mafita ba. Zai iya sayen bandil ɗin romin na gida ya keɓe shi don WhatsApp da banki kawai, ya sayi layin can don sauran aiki. Idan kuma tafiyar ta rukuni ce, kamar yadda 'yan kasuwar Kano da Zariya suka saba, mai eSIM zai iya raba hotsifot a otal, a raba kuɗin. Sai dai a kasuwa kowa yakan kama gabansa, kuma hotsifot ba ya bin mutum hawa na biyar.

Akwai wata dabara da ake yawan yi wadda ta fara daina aiki: saka layin banki a ƙaramar waya mai tocila. Yawancin irin waɗannan 2G kawai suke kamawa. Singafo ta kashe 2G tun 2017, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rufe nata, China Unicom ma ya janye shi a mafi yawan wurare. Ƙaramar wayar za ta iya zama babu sabis daga sauka har tashi. Layin banki ya shiga wayar da ke da 4G.

Saitin da ke hana kati ƙonewa

A wayar da ke da layi biyu, kowane layi yana da nasa makunnin Data Roaming. Na layin Najeriya a kashe. Na eSIM ɗin tafiya a kunne, domin kamar yadda aka faɗa shi ma romin yake yi, kuma wannan ne dalilin da ya fi yawan sa mutum ya ce ya sayi eSIM bai yi aiki ba. Kashe Data Roaming ba ya hana tes shigowa, kuma a mafi yawan tsare-tsare karɓar tes a waje kyauta ne. Amsa kira kuwa ana caji, ko da wanda ya kira ɗin ya biya nasa. Idan kira ya shigo a layin gida, a bari ya katse a bi mutumin ta WhatsApp.

Akwai wani makunni da ke yin ɓarna a ɓoye. A iPhone sunansa Allow Cellular Data Switching, a wasu wayoyin Samsung Auto data switching ko makamancin haka. Aikinsa shi ne idan layin da ke ba da data ya yi rauni, waya ta koma ɗaya layin da kanta. A gida wannan taimako ne. A waje a kashe shi.

Daga nan sai masu shan data ba tare da an taɓa su ba. Ɗan kasuwa a kasuwar waje aikinsa ɗaukar hoto da bidiyon kaya, ɗaruruwa a rana. Idan Google Photos ko iCloud na da izinin ajiya ta datar waya, duk za su hau da cikakken nauyinsu. A mayar da su kan Wi-Fi kawai. Haka Play Store da App Store wajen sabunta manhajoji. A WhatsApp a shiga Storage and data a cire saukar hoto da bidiyo ta atomatik. A nan akwai wani ɗan tarko: WhatsApp yana da saiti daban na lokacin romin, kuma tunda eSIM romin ne, wayar Android za ta bi wannan saitin. Shi ya sa wani zai ga hotuna sun daina sauka da kansu, ba matsalar sabis ba ce. A wuri guda akwai zaɓin rage datar kira, a kunna shi. Sai Data Saver a Android ko Low Data Mode a iPhone.

Mai haɗa kwamfuta da hotsifot ya shiga saitin Wi-Fi na Windows ya kunna Metered connection a kan sunan hotsifot ɗin. In ba haka ba, kwamfutar za ta ɗauka Wi-Fi na gida ta samu, ta fara sauke sabuntawa mai nauyin gigabayit.

Data nawa za a saya?

Amsar tana cikin wayar mutum. A shiga wurin Data usage a ga abin da aka sha a wata, da abin da kowace manhaja ta sha. A ce misali an ga 24GB, wato kusan 800MB a rana. Idan aka duba aka ga TikTok da YouTube da Facebook ne suka cinye kashi biyu cikin uku, to ainihin aikin kasuwanci bai kai 300MB a rana ba. A ninka wannan sau biyu ko uku saboda hotunan kaya da taswira da kiran gida, a ninka da kwanakin tafiya. Kiran murya na WhatsApp ba ya kai megabayit ɗaya a minti, kiran bidiyo ne mai ci, musamman irin wanda ake zagayawa da kwastoma cikin shago ana nuna masa kaya ɗaya bayan ɗaya. Ya fi sauƙi a ɗauki hotuna a tura, ya zaɓa.

A zaɓi bandil ɗin da ake iya ƙara masa data ba sai an sake ɗora sabon eSIM ba. A kuma duba yaushe kwanakinsa ke fara ƙirguwa, ranar da aka ɗora ko ranar da ya fara kama sabis a ƙasar.

Dubai, Jidda, Istanbul da Maraɗi

A Dubai saƙon WhatsApp yana tafiya, kiran murya da bidiyo ne aka toshe a layukan e& da du da Wi-Fi. Manhajar kira da aka amince da ita ita ce irin su Botim, kuma sai wanda za a kira a gida ya ɗora ta shi ma. Mai zuwa Deira ya sa maiɗakinsa da yaron shago su ɗora tun yana nan.

A Saudiyya layin STC ko Mobily ko Zain yana samuwa tun daga filin jirgin Jidda, da fasfo da zanen yatsa. Ga mai haɗa Umara da saro kaya na sati biyu, layin can shi ne mafi sauƙi, babu wani dalilin wahalar da kai.

Turkiyya ta toshe shafukan manyan masu sayar da eSIM na matafiya a 2025, ciki har da Airalo da Holafly. Wanda aka ɗora kafin shiga ƙasar yana aiki, saye bayan an sauka ne ke wahala. Mai nufin Laleli ya saya tun a gida.

Nijar ma ƙasar waje ce ga sim, ko da yaren bai canja ba. Airtel na Najeriya da Airtel na Nijar uwa ɗaya ce ta haife su amma lissafinsu daban, bandil ɗin nan ba ya ƙetare Jibiya. A bakin iyaka waya takan kama eriyar ɗaya ƙasar tun mutum bai ƙetare ba. A shiga zaɓin netwok a cire atomatik a zaɓi na gida da hannu. Mai yawan zuwa Maraɗi ya mallaki layin Airtel ko Moov ko Zamani na can.

Satin ƙarshe a Zariya

Layin gida shi ne farko. A danna *996# a tabbatar yana haɗe da NIN, domin tun bayan wa'adin 14 ga Satumba 2024 da hukumar NCC ta sa, layin da ke da matsalar NIN rufe shi ake yi, kuma rufaffen layi ba ya romin. A kira 300 ko a je ofishin kamfanin a tambayi abu uku: an buɗe wa layin romin, da wane kamfani suke da yarjejeniya a ƙasar da za a je, kuma akwai mafi ƙarancin kati da dole a bari a ciki. A rubuta sunan kamfanin a takarda, domin in waya ta ƙi kama sabis da kanta, shi za a zaɓa da hannu. A zuba kati tun a nan. Lambobin USSD, har da na banki, ba su da tabbas a waje.

A sa wa sim ɗin PIN, a adana lambar PUK a wani wuri ban da cikin wayar. Idan aka sace waya a tafiya, ɓarawo ya samu layin da ke karɓar OTP, kuma mai shi ba zai iya yin welkam bak ba sai ya dawo Najeriya ya tsaya a gaban kyamara da kansa. A WhatsApp a kunna Two-step verification.

Manhajar banki a buɗe ta a wayar da za a tafi da ita, a yi tiransifa ɗaya a gani. Sayen sabuwar waya a Gwanzu da niyyar mayar da banki kanta a can neman rigima ne, domin bankuna suna ɗaure asusu da na'ura, sabuwa kuma sai an sake tantancewa. Mai manyan tiransifa ya tambayi bankinsa token, wanda ke fitar da lamba ba tare da jiran tes ba, ya kuma duba iyakar abin da zai iya turawa a rana.

Duk manhajar da za a buƙata a Chaina a ɗora ta a gida: WeChat, Alipay, taswirar Amap, da manhajar fassara tare da sauke harshen Sinanci don aiki ba intanet. Taswirar Google ba abin dogaro ba ce a can ko da ta buɗe, domin wuraren da take nunawa sukan kauce. Tun 2023 Alipay da WeChat Pay suna karɓar katin Visa da Mastercard na waje, rajistar kuma tana neman tes zuwa lambar mutum da hoton fasfo, abin da ya fi sauƙi a Tudun Wada da sabis ɗin gida. Adireshin otal da na ofishin kago a ajiye hotonsu da rubutun Sinanci.

eSIM ɗin a ɗora shi kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, a kan intanet mai ƙarfi, a sa masa suna, a bar shi a kashe. Kada a goge shi don gwaji, yawancin lambobin QR sau ɗaya suke aiki.

Waya mai layi biyu a kunne tana neman sabis a baƙuwar ƙasa tana shan batir, don haka fawa bank dole ne. Sai dai tun 28 ga Yuni 2025 jiragen cikin gida na Chaina ba sa barin a hau da fawa bank ɗin da ba shi da tambarin CCC a jikinsa. Mai niyyar tashi daga Gwanzu zuwa Yiwu ta jirgin sama ya duba nasa, in babu tambarin ya sayi wani a can.

Bayan sauka, tun kafin a bar filin jirgi: a cire yanayin jirgi, a kunna eSIM, a zaɓe shi a matsayin layin data, a kunna masa Data Roaming, a jira minti biyar. Idan sanduna sun fito amma babu intanet, a duba APN, kamfanin da ya sayar yakan rubuta shi a saƙon da ya turo. Idan har yanzu shiru, a kashe waya a kunna, sannan a zaɓi netwok da hannu. Gwajin ƙarshe shi ne a sa wani a gida ya tura ɗari biyar cikin asusu. Idan tes ɗin alat ya shigo a layin Najeriya, OTP ma zai shigo.